Aikin mai binciken garkuwar jikin masu juna biyu: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da sabon rukunin ɗalibai ya zo zagayen ɗakin haihuwa a nan Gombe, sai an samu ɗaya ko biyu sun tsaya bayan kowa ya watse, su ce, "Malama, wai da gaske ana cin abinci da binciken garkuwar jikin masu ciki?" Wasu kuma daga Bauchi da Azare suke aiko da tasu tambayar ta waya. Kullum tambayoyin su ne dai, shi ya sa na ga gara in tara su wuri ɗaya. Ni likitar mata ce da ta karkata zuwa ɗakin gwaje-gwaje, kuma da wannan idon nake kallon al'amarin.

Malama, me ya haɗa garkuwar jiki da ciki tun farko?

Idan aka yi wa mutum dashen ƙoda, ko da ta ɗan'uwansa ce uwa ɗaya uba ɗaya, galibi sai ya riƙa shan maganin danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwarsa, in ba haka ba jikin ya far wa ƙodar a matsayin baƙuwa. To ɗan tayi fa? Rabin ƙwayoyin gadonsa na uba ne, mutumin da sau da yawa ba ya da alaƙar jini da uwar. Amma sai ya zauna wata tara a cikinta, yana shan abinci daga jininta, ba tare da ta sha ƙwaya ko ɗaya ba. Me ya hana jikinta korar sa?

Masanin Birtaniya Peter Medawar ne ya ɗora wannan tambaya a fili a 1953, shi ne kuma ya samu kyautar Nobel a 1960 tare da Macfarlane Burnet kan yadda jiki ke koyon haƙuri da abin da ba nasa ba. Ya kawo zato uku: ko akwai katanga tsakanin uwa da ɗa, ko ɗan bai nuna alamomin da za a gane shi baƙo ne ba tukuna, ko kuma garkuwar uwar ce take barci. Shekara saba'in ke nan ana bin waɗannan zato, kuma babu wanda ya tsira yadda ya faɗe shi. Katangar ma tana yoyo. A 1996 Diana Bianchi da abokan aikinta a Amurka sun gano ƙwayoyin halittar ɗa namiji a jinin wata mata shekara 27 bayan ta haife shi. Ranar da na fara karanta wannan, mahaifiyata na tuna, mu takwas ta haifa.

Amma ai an koya mana cewa garkuwar mai ciki rauni take yi.

Wannan maganar ce na fi so in cire daga kan ɗalibai. Ba rauni take yi ba, sauya aiki take yi. A watannin farko, kusan kashi 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin jini da ke bangon mahaifa wani nau'i ne da ake kira NK, waɗanda a sauran jiki aikinsu kashe ƙwayar da cuta ta shiga. A mahaifa kuwa sai su ajiye makami su zama magina. Su ne suke taya ƙwayoyin mabiyiya kutsawa cikin bangon mahaifa, su buɗe ƙananan jijiyoyin jinin uwa su faɗaɗa su, don jini ya riƙa malala zuwa ga ɗa a hankali kuma da yawa. Akwai kuma wasu ƙwayoyin masu sulhu da suke ƙaruwa lokacin ciki. A 2004 an nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka kawar da su, cikin zubewa yake yi.

Gaskiya ne wasu cututtuka sun fi yi wa mai ciki illa. Mu da muke maƙwabtaka da Bauchi, ɗaya daga cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, mun san haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ya kama mace a watanni ukun ƙarshe, fiye da kashi 80 cikin ɗari ana rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun. Sai dai dalilin ya fi kalmar "rauni" zurfi, kuma tono wannan dalilin shi ne aikinmu.

Wane bincike ne ya shafe mu kai tsaye a Gombe da Bauchi?

A nan zan daɗe, don a nan zuciyar maganar take. Ba sai kin je Landan neman tambaya ba. Ki tsaya a ɗakin naƙuda dare ɗaya cikin watan Satumba, tambayoyin za su same ki da ƙafarsu.

Ta farko maleriya. Yarinya ta tashi a Kumo ko Dukku, sauro ya cije ta tun tana goye, jikinta ya saba, ta girma zazzaɓi bai cika kayar da ita ba. Sai ta yi aure ta samu cikin fari, sai ga jini ya ƙare, ɗa ya fito ɗan mitsitsi. A ciki na uku ko na huɗu kuma abin ya yi sauƙi. An daɗe ana ganin haka ba a san dalili ba, sai a 1996 Michal Fried da Patrick Duffy, suna aiki da matan yammacin Kenya, suka nuna cewa akwai wani nau'in ƙwayar maleriya da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su manne wa wani sinadari a mabiyiya. Tunda mace ba ta taɓa yin mabiyiya ba kafin cikin fari, jikinta bai taɓa haɗuwa da wannan nau'in ba, bai tanadi kariya ba. A 2003 Ali Salanti da abokan aikinsa a Kopenhagen suka gano abin da ƙwayar take mannewa da shi, wanda ake kira VAR2CSA. Daga nan aka haɗa alluran rigakafi guda biyu na gwaji, PRIMVAC da PAMVAC, aka yi musu gwajin matakin farko a Turai da kuma Burkina Faso da Benin.

Yanzu ki haɗa wannan da al'adarmu. Mai cikin fari ita ce ta fi kowa buƙatar Fansidar na kariya, wanda ake farawa daga mako na 13, a riƙa bayarwa da tazarar wata guda, aƙalla sau uku. Ita ce kuma kunya ta fi hanawa ta ce tana da ciki. Sai ya kai wata shida ko bakwai, ko sai an kai ta gida goyon ciki, sannan ta fara zuwa awo. Duk wanda ya zauna ya auna abin da wannan jinkirin yake yi wa mabiyiya da nauyin jarirai a ƙaramar hukuma ɗaya tak, ya yi aikin da ba wanda zai yi mana daga waje.

Ta biyu jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Tana farawa da hawan jini, 140 bisa 90 ko fiye, bayan mako na 20, da furotin a fitsari. Tushenta sau da yawa yana can baya, lokacin da jijiyoyin nan na mahaifa suka ƙi buɗewa yadda ya kamata. Ta fi kama mai cikin fari, kuma an lura haɗarin yakan dawo idan mace ta sake miji, abin da ya sa aka fara zargin garkuwar jiki. Ashley Moffett ta Jami'ar Kambrij ta nuna cewa haɗuwar wasu ƙwayoyin gado na uwa da wasu da ɗa ya gada daga uba tana ƙara haɗarin. Ɗalibarta Annettee Nakimuli, likitar mata a Jami'ar Makerere, ta maimaita aikin a kan matan Uganda, ta tarar da wani nau'in gado mai ba da kariya wanda ba a gani ba a matan Turai. Darasin a bayyane yake: abin da aka auna a Ingila ba lallai ya zama namu ba, kuma na Kampala ma ba lallai ya zama na Bafulatanar Nafada ko 'yar Tangale ta Billiri ba.

Maganin hana jijjigar kansa bincike ne ya tabbatar da shi. Gwajin Magpie na 2002, da ya haɗa mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar magnesium sulfate tana rage haɗarin da fiye da rabi.

Akwai kuma kariyar da uwa take miƙa wa ɗa ta mabiyiya a watannin ƙarshe, wadda saboda ita ake yi wa mai ciki allurar tetanus, da wadda take ba shi ta dakashi, nonon farko da har yanzu wasu kakanni suke cewa a matse a zubar.

Dole sai na zama likita?

A'a. Hanyoyin da na sani uku ne. Akwai ta likitanci: shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta aikin horo a asibiti, bautar ƙasa, sai neman ƙwarewa a fannin mata da haihuwa ƙarƙashin Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Akwai ta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, shekara biyar da horo. Akwai kuma ta wanda ya karanta ilimin ƙananan halittu, ko sinadaran jiki, ko aikin gaɓoɓi, ya ɗora da digiri na biyu da na uku a ilimin garkuwar jiki.

Likita yana da majinyata a hannu amma ba shi da lokaci. Masanin gwaje-gwaje yana da hannu mai kyau a benci amma sai ya roƙi samfuri. Aiki mai kyau ba ya fitowa sai sun haɗu, da ungozoma a tsakiya. Ungozoma ita ce ta san wace mata za ta dawo awo na gaba, wace ce mijinta ba zai bari ba, kuma ita ce take tsaye ƙarfe uku na dare lokacin da mabiyiya ta faɗo. Na ga binciken da ya rushe don kawai an raina nas-nas.

Wuraren farawa kuwa ba mu rasa ba: Jami'ar Jihar Gombe da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da asibitin koyarwarta a Bauchi, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare.

Shekara nawa kafin mutum ya tsaya da ƙafarsa?

Ga likita, daga ranar shiga jami'a zuwa ranar da zai jagoranci bincikensa na kansa, a lissafa shekara 15 zuwa 20, har da yajin aiki. Ga wanda ya bi ta kimiyya, zai iya yin ƙasa da haka kaɗan. Wanda yake sauri ya nemi wata sana'ar.

Yaya ranar aiki take?

Ba kamar yadda ake nunawa a talabijin ba. Da safe asibitin awo: bayani, neman izini, ɗibar jini, auna hawan jini, cike takarda. Da rana juya jini a na'ura don raba ruwansa da ƙwayoyinsa, rarraba shi a ƙananan kwalabe, rubuta lamba a kan kowace. Lambar nan ita ce rai. Kwalbar da lambarta ta goge shara ce, ko da daga Ningi aka ɗauko ta. Gwajin kansa, irin su ELISA mai auna sinadaran garkuwa a jini da PCR mai gano ƙwayoyin gado, wataƙila sau ɗaya a mako ko a wata ake yin sa, bayan samfura sun taru. Sauran lokacin na shigar da bayanai a kwamfuta ne, da lissafi, da rubutu. Rubutu ya fi komai cin lokaci, kuma ba wanda ya gaya mini haka da ina ɗaliba.

Sai fargabar firiza. Samfuran jini suna son sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Wata shekara, cikin zafin Afrilu, wuta ta ɗauke ranar Juma'a da yamma, janareta ya ƙi tashi, ba wanda ya kira ni. Ranar Litinin na tarar da jinin mata na wata goma sha ɗaya ya narke. Na yi kuka a wurin, ba na ɓoyewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matan da suka miƙo hannu don sun yarda da ni. Tun daga ranar nake raba kowane samfuri gida biyu a firiza biyu, a gini daban-daban, kuma lambar wayata tana manne a ƙofar kowace.

Mutanenmu suna yarda a ɗibi jininsu ko a yanki mabiyiya?

Suna yarda idan aka yi musu bayani da mutunci, da yarensu, tun kafin naƙuda. Mabiyiya a wurinmu ba shara ba ce. Wankewa ake yi a binne, kuma akwai tsohuwar da take zaune a bakin ƙofa tana jiran ta. Don haka tun a wurin awo nake nuna wa mace girman abin da za mu ɗauka da ɗan yatsana, in ce, "Hajiya, kamar ƙwayar gyaɗa ne, sauran duk za a ba ku ku tafi da shi." In ta ce sai ta shawarci maigida, sai in ce ta je, in ma yana so ya zo mu zauna. Amma izinin da za a rubuta nata ne. In ya yarda ita ba ta yarda ba, magana ta ƙare. In ta ƙi kuma, kulawar da za a yi mata ba ta raguwa da komai, kuma dole ta ji wannan daga bakina.

Tsoron da mutane suke yi ba daga sama ya faɗo ba. Gwajin wani maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabon da har yau ake jin sa a Arewa. Yanzu kowane bincike sai ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko na jiha, ƙarƙashin dokokin kwamitin ƙasa, kuma ba a fitar da samfuri zuwa ƙetare sai da rubutacciyar yarjejeniya. Ɗalibai suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni kuwa ina ganin shi ne kaɗai abin da zai sa a sake buɗe mana ƙofa gobe.

Ba mu da manyan na'urori. Anya za a yi abin kirki a nan?

Wasu abubuwan ba za su yiwu ba tukuna, kamar rarrabe ƙwayoyin garkuwa ɗaya bayan ɗaya daga ɗanyen nama, sai da haɗin gwiwa. Amma ku dubi Zariya. Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a jere a asibiti, aka wallafa sakamakon a 1985, kuma abin da ya nuna, cewa matan da ba su yi awo ba su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, ya taimaka wajen juyo da hankalin duniya kan mutuwar mata wurin haihuwa. Makamansa takarda ne da biro da naci. A Zariyar dai Davidson da Parry suka bayyana ciwon zuciyar masu jego da alaƙarsa da kunun kanwa da zafin wankan jego, a shekarun 1970. A nan gida ma, a Kaltungo aka gwada maganin dafin kububuwa na EchiTAb, wanda shi ma sinadaran garkuwa ne da aka samo daga jinin dabbobi. Abin da Kaltungo take da shi wanda abokan aikin na Liverpool a Ingila ba su da shi, majinyatan ne da ma'aikatan da suka san su.

Haɗin gwiwa dai a yi shi da ido buɗe. Kada ka zama mai ɗibar jini kawai, a tafi da shi, sunanka ya fito na tara cikin goma sha biyu. Tun ranar farko a rubuta wa zai yi wane gwaji, wa zai je koyo, wa zai rubuta rahoto.

Kuɗin fa, daga ina?

Albashi daga jami'a ko asibiti yake zuwa, kuma ba ya sa mutum ya yi arziki. Kuɗin binciken daban ake nema: TETFund ga malaman jami'a, tallafin karatu na Commonwealth, gidauniyar Wellcome, da cibiyoyin horo irin su WACCBIP a Jami'ar Ghana da cibiyar MRC a Gambiya. Za a ƙi ka sau da yawa. Takardar neman tallafina ta farko da ta yi nasara ita ce ta shida.

Malama, ni mace ce, ga aure ga yara. Zai yiwu?

Zai yiwu, ƙanwata, amma ba zan ce miki da sauƙi ba. Shekarun ƙwarewa da na digiri na uku su ne dai shekarun haihuwa. Ki yi maganar da wanda za ki aura tun kafin a sa rana, har da batun tafiya ta wata shida ko shekara. Kina da abin da abokan aikinki maza ba su da shi: mai jego za ta gaya miki abin da ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

Yayata tana ta ɓari, an ce jininta da na mijinta ne bai haɗu ba. Fanninku ne?

Wannan kalmar ta "jini bai haɗu ba" abubuwa uku ake cusawa a cikinta, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai jinotayif, batun sikila, wanda gado ne ba garkuwa ba. Akwai rukunin jini na Rh: idan uwa nagetif ce ɗa kuma fozitif, jikinta zai iya haɗa kariya a kan jinin ɗan, abin ya shafi cikin da zai biyo baya, jariri ya zo da shawara mai tsanani ko ya mutu a ciki. Masu nagetif ba su da yawa a cikinmu, kusan mutum ɗaya cikin ashirin, kuma tun 1968 akwai allurar anti-D da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Matsalarmu tsadarta, da matan da ba su san rukunin jininsu ba. Sai na uku, wani ciwon garkuwa da ke sa jini daskarewa a mabiyiya, wanda Graham Hughes ya bayyana a 1983, ana kuma magance shi da asfirin da heparin ƙarƙashin kulawar likita.

Sai dai kusan rabin ɓarin watannin farko daga kuskuren ƙwayoyin gadon ɗan tayin yake, ba laifin uwa ba, ba na uba ba. Ki kai ta wurin likitan mata a yi gwaji. Kada ta sayi wani "maganin ƙarfafa garkuwa" a kemis ko a Facebook.

Ina aji uku yanzu. Me zan fara yi?

Ka koyi lissafin ƙididdiga da gaske, ba don cin jarrabawa ba, ka kuma saba da manhaja ɗaya ta nazarin bayanai, ko R ko SPSS. Ka riƙa karanta rahoton bincike ɗaya duk mako a PubMed, rumbun rahotannin binciken lafiya da ke intanet, ko da rabinsa kawai ka fahimta. Ka sami malamin da yake da bincike a hannu ka ce za ka taya shi cike takardu kyauta. Idan lokacin aikin kammala digiri ya zo, kada ka ɗauki taken da ya fi ƙarfinka. Ka nemi izini a buɗe maka rajistar ɗakin haihuwa ta shekara biyu, ka ƙirga masu jijjiga nawa ne, cikinsu na nawa ne, a wane wata suka zo, sau nawa suka yi awo, nawa ne nauyin jariransu. Za ka tarar da shafukan da suka yage da layukan da ba a cike ba. Su ma ka ƙirga su, ka rubuta adadinsu, ka kawo mini mu duba tare.